Littafin aikin tara matattun ƙwayayen fitila a ƙauyenmu

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na sayi littafi mai shafi tamanin saboda wannan aiki, don in ba a rubuta ba, nan da wata biyu kowa zai ba da labarin yadda ya ga dama. Ƙungiyar matasan ƙauyenmu ta zauna yau bayan la'asar a ajin 'yan firamare shida, mu goma sha huɗu, aka amince mu fara tara matattun ƙwayayen fitila: murɗaɗɗen nan da muke kira ƙwan enaji, da dogon ƙwai irin na masallaci da gidan kallo. Ni aka ɗora wa rubutu, wai don ni ne malamin kimiyya.

Abin da ya ta da maganar kuwa, ranar Talatar da ta wuce ina dawowa daga makaranta na tarar da yara huɗu a jujin bayan gidan Kawu. Sun samo dogon ƙwai, babbansu ya fasa bakinsa a jikin dutse, suna zazzage farar hodar ciki a tafin hannu suna shafe fuska da ita kamar masu shirin tashe. Ƙaramarsu 'yar yayana ce, ko shekara huɗu ba ta cika ba. Na daka musu tsawa suka watse, ita kuma na ɗauke ta na kai wa uwarta ta wanke ta da sabulu. Da na koma na tona jujin da kara, gindin ƙwan enaji bakwai na ƙirga a wuri ɗaya, duk gilashinsu ya farfashe.

Mutumin birni ba zai gane abin da ya sa hankalina ya tashi ba. Shi juji a wurinsa ƙazanta ce da mota za ta zo ta kwashe. Mu a nan juji ajiya ce. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida, duk shekara ake tarawa, in bazara ta yi a loda a mangala da amalanke a kai gona. Masu hali ma har sharar cikin Kano suke saye a tifa a juye musu. Duk abin da ka jefa a juji, gindin dawa za shi. Gonar Kawu kuwa a bakin fadama take, ruwanta kogin Wudil yake gangarawa.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na yi wa 'yan ƙungiya darasi a allo, domin wanda zai shiga gari yana magana ya kamata ya san abin da yake faɗa.

Tsohon ƙwai mai jan haske, waya ce siririya a ciki, lantarki ya gasa ta har ta yi haske. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci a zafi take tafiya, shi ya sa masu kiwon 'yan tsaki suke son sa. Ƙwan enaji aikinsa daban. A cikin murɗaɗɗen gilashin akwai iskar gas da ɗan ɗigon zaiba, farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. In lantarki ya ratsa tururin zaibar sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, hasken ya bugi farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita, hodar ta mayar da shi farin hasken da muke gani. Ke nan in babu zaiba babu haske. Ba mugunta ce ta sa aka zuba ta ba.

Na rubuta musu lissafi. Ƙwan enaji mai wat 15 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa. In kana kunna shi awa biyar kullum, a wata tsohon zai ci yunit 9, na enaji yunit 2 da kwata. Tsohon ƙwai yakan yi kamar awa 1,000 ya mutu, na enaji mai kyau ana sa ran awa 6,000 zuwa sama. Sai mai cajin waya ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan awa dubu shidan a takarda ne." Gaskiyarsa. Wutar da take zuwa yau da ƙarfi gobe kamar garwashi, ga kunnawa da kashewa, ga jabu da ya cika kasuwa, wani ƙwan ko wata uku ba ya yi. Amma shi ɗin dai ya ba da shaida mafi ƙarfi. Ya ce lokacin da yake da tsofaffin ƙwayaye huɗu a rumfarsa, ƙaramin janaretansa kuka yake in ya haɗa caji da fanka. Da ya koma enaji, wat 240 ya dawo 60, ya samu sararin ƙara layin soket guda. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ya ce ko wat ɗaya ba ya yi wa kallon banza.

Na ƙara musu da abu ɗaya da nake ganin ana kwafowa ba tunani. Turawa sukan ce ƙwan enaji yana rage zaiba a duniya, domin tashoshin da suke ƙona kwal suna fitar da ita a hayaƙi, in an rage shan wuta an rage hayaƙin. A ƙasashensu haka ne. Mu wutarmu yawanci daga gas take da madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Wannan hujja ba tamu ba ce sosai. Ribarmu a aljihu take da tankin janareta.

Alhamis, 23 ga Janairu

Mun je gaishe da Dagaci, ni da shugaban ƙungiya. Muka zube a zaure, na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma muka zo nema, wurin ajiya da kuma izinin shiga gari." Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, in kun tara ina za ku kai su?" Na ce muna kan bincike. Ya yi murmushi irin na manya, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka ya ba mu tsohon ɗakin ajiyar takin zamani da ke bayan makaranta, mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, nesa da gidaje. Ya ce kuma a sanar da Liman.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bayan an idar da salla Liman ya ba ni lasifika minti biyar. Na faɗi abin da zaiba take yi: tururinta ba shi da wari ba shi da launi, ta huhu yake shiga jini, yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, kuma ƙananan yara da ɗan da ke ciki su suka fi shiga haɗari. Da na ga wasu sun fara neman takalmansu, sai na ɗauko labarin Zamfara, yadda a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Nan take masallaci ya yi tsit. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Tun daren Juma'a labari ya shiga gidaje, kafin ya kai ƙarshen gari ya zama wai Malam ya ce ƙwan enaji ne ya kashe yara ɗari huɗu. Gwaggo ta sa jikanta ya kwance ƙwayaye uku masu lafiya, suna ci, ta jefa su a masai. Wani dattijo a unguwar gabas ya tara na gidansa a rami ya bi su da taɓarya, wai ya kashe dafin kafin ya binne, yana tsugune a kai yana shaƙa. An ce wasu biyu sun tafi kududdufi. A kwana uku an fasa abin da da an bar mutane da halinsu sai a yi wata uku ba a fasa ba.

Na je wurin Gwaggo da yamma. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, ba kai ka ce guba ba ce? In bar guba a rataye a kan jikokina?" Na ce, "Gwaggo, muddin bai fashe ba babu abin da yake fita, ko shekara nawa zai yi a rataye." Ta ce, "To me ya hana ka faɗi haka a masallacin?" Ban da amsa. Na saya mata wasu da kuɗina.

Laifina ne. Dalma daban, zaiba daban. Abin da ya faru a Zamfara niƙa ce ta buhu-buhu, wata da watanni, ƙura na sauka a kan abinci da shimfiɗar yara. Ban yi ƙarya ba, amma na jingina ƙaramin abu da babba don in tsorata mutane, kuma sun tsorata.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Liman ya sake ba ni dama jiya. Na ce, "Allah gafarta Malam, gyara na zo yi," ya ce ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wannan karon da adadi na je. Zaibar da ke cikin ƙwan enaji ɗaya kamar miligiram 4 ce, ɗigon da zai zauna a kan tsinin biro. Tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, wanda ake sa wa yaro a hammata, yana ɗauke da kusan miligiram 500, wato ya fi ƙwai ɗari. Ƙwai ɗaya ya fashe a ɗaki aka buɗe ƙofa aka kwashe yadda ya kamata, da wuya ya yi wa wani lahani. Abin gudu shi ne a mayar da fasa shi al'ada, yara su yi wasa da hodar, a ƙona shi a shara, ko a yi ta tara shi a juji shekara da shekaru. Na maimaita sau uku: mai ci a bar shi ya ci, in ya mutu a kawo mana shi da gilashinsa.

Mun kuma gane cewa maza sun ji, amma masu shara ba su ji ba. Mu ba ma shiga gidajen mutane. Malamar Islamiyyar matan aure da ma'aikaciyar ɗakin shan magani sun karɓi wannan ɓangaren, yau da safe na zauna da su a barandar makaranta muka tsara abin da za su riƙa faɗa in ƙwai ya fashe. A fitar da yara da mai ciki da dabbobi tukuna. A kashe fanka, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita kamar minti goma ko sha biyar. Kada a sa tsintsiya, domin tana watsa hodar ne kuma ta riƙe ta a jikinta har gobe. A kwashe da kwali biyu masu tauri, a bi ƙananan da salatif, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka har tsumman a kwalba mai murfi, a fitar waje, a wanke hannu, a bar ɗakin a buɗe wuni guda in da hali.

Malama ta ce, "Malam, wannan na masu siminti ne. Mai daɓe fa? Mai tabarma fa?" Ta fi ni gaskiya. Muka yanke cewa mai ɗakin ƙasa ta yayyafa ruwa kaɗan ta kankare saman wurin da murfin gwangwani ta haɗa da gilashin. Tabarmar kaba kuwa in hoda ta shiga saƙarta, a fitar da ita rana bayan gida kwana biyu, in tsohuwa ce a haƙura da ita, amma ban da ƙonawa.

Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ni maganar da kowa yake yi, wai in gilashin dogon ƙwai ya yanke ka ciwon ba ya warkewa. Maganar tana da asali. Dogayen ƙwayaye na farko hodarsu tana da wani sinadari, beriliyom, wanda yake hana rauni haɗewa, amma an daina sa shi tun 1949. Kayan sun canja, tsoron ya zauna. Na ce ta bar musu tsoron, yana mana aiki.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun samu duro biyu na roba masu murfi, da buhu uku na ɓuntun shinkafa daga injin casa, kyauta. Ana shimfiɗa ɓuntu, a jera ƙwayaye kowanne a naɗe da tsohuwar takarda, a sake rufewa da ɓuntu. Dogayen ba sa shiga duro, mun ɗaure su biyar-biyar da igiyar rama muka sa a katan. Wuraren karɓa uku: rumfar mai caji, teburin mai shayi, ofishin makaranta. Zuwa yau enaji 63, dogaye 9.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Kasuwar Wudil. Na nemi 'yan gwangwan a inda suke auna kayansu, domin an ce su ne suke bin juji suna fasawa. Na samu wani saurayi, na tsaya ina kallon aikinsa kafin in yi magana. Yakan riƙe ƙwan ta gindi, ya buga gilashin a bakin baro sau ɗaya, ya ɓamɓare robar da sukundireba, ya zaro ɗan allon ciki mai naɗin jan waya, ya jefa a buhu. Bai fi daƙiƙa goma ba. Gaban rigarsa fari fat, yana yi yana cin rake.

Na ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa," na yi masa bayani. Ya ce, "Oga, gilashi ba ya hawa sikeli." Maganarsa ke nan, kuma ba ni da abin da zan ba shi a madadin jan wayar. Iyakar abin da na samu, ya yarda zai daina ci yana aiki, zai riƙa tsayawa ta inda iska take kaɗa ƙurar gaba. Ko zai yi, Allah masani.

Daga nan na bi ta wajen masu kifi a bakin gada, sai Minamata ta faɗo mini a rai. Gari ne na masunta a Japan. Kamfanin Chisso ya yi shekaru yana zubar da ruwan masana'anta mai zaiba a gaɓar tekunsu, kifi ya ɗauka, mutane suka ci. Kyanwoyin garin aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa, a 1956 kuma likitoci suka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu na karkarwa, magana na sarƙewa, ana haifar yara da naƙasa. Zaiba in ta shiga laka, ƙwayoyin halittar da ke ciki sukan juya ta zuwa wani nau'i da yake maƙalewa a naman kifi, ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye shi ya tara. Wannan labari a littafin nan zai tsaya. Na koyi darasi, ba zan kai shi masallaci ba. Na sayi ragon ruwa na kai gida aka yi farfesu.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi takwas. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: yau a ɗakina ƙwai ya fashe.

Ana saura kamar minti ashirin a sha ruwa, na hau kujera zan canja na falo da ya fara kyaftawa. Na kama shi ta gilashi maimakon ta gindi, abin da na hana mutane da bakina, ya tsinke a hannuna, rabi ya faɗi a kan leda. Ƙarar ba ta da yawa, wani ɗan "fus" ne kawai. Kwanon kunu da ƙosai suna ajiye a tsakar ɗakin, Allah ya sa a rufe suke. Kafin in sauko maiɗakina ta riga ta ɗauko tsintsiya, hannu ya saba. Sai ta tsaya da kanta, ta ajiye, ta ce, "Malam, kai fita da yaron, kashe fanka." Ita ta tuna, ni da na rubuta dokar ina tsaye ina kallon yatsana yana jini.

A tsakar gida muka sha ruwa a kan buhu. Bayan magariba na koma da tocila da kwalin sukari da na yaga biyu. In ka kwantar da hasken tocila a ƙasa sai ka ga ɓarɓashin yana ƙyalli har ƙarƙashin kujera, nesa da inda kake zato. Salatif ya ɗauke su tas, hodar kuma tsumma ya ɗauke. Duka suka shiga kwalbar bama, na murɗa murfin, na rubuta kwanan wata a jiki. Aikin bai kai minti ashirin ba. A ɗakin Inna muka kwana. Yatsan ya daina jini tun kafin isha'i.

Asabar, 22 ga Maris

Aiki ya yi sanyi saboda azumi. Enaji 141, dogaye 17, kwalaben fasassu 6. Yatsa ya warke sarai, na nuna wa ma'aikaciyar lafiya, ta ce kada in nuna wa kowa.

Kwamitin masallaci ya yanke cewa duk ƙwan da ya mutu da sabon nau'in ƙwan nan da ake kira LED za a maye shi, ɗaya bayan ɗaya. LED ba shi da zaiba ko kaɗan, mai wat 9 yana yin aikin mai wat 60, kuma ya fi jure kunnawa da kashewa. Ladan ya so a canja duka goman kafin tahajjud, na ce a'a, masu ci su ƙarasa kwanansu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na shiga Kano. A kasuwar Sabon Gari na zaga layin masu kayan wuta, LED ya mamaye ko'ina, ƙwan enaji sai a can ƙasan kanta, kwalinsa ya yi ƙura. Wani mai shago ya ce in zan kwashe katan biyu da suka rage masa zai yi mini farashin da ban taɓa ji ba. Na tambaye shi su wa suke saye yanzu, ya ce, "Mutanenku na ƙauye."

Wannan ya dace da abin da ke faruwa a sama. Akwai yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka sa wa sunan Minamata, an rattaba mata hannu a 2013, ta fara aiki a 2017, Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron Bali na 2022 ƙasashen suka amince a daina ƙerawa da shigowa da fitar da ƙwan enaji irin na gida, mai wat 30 zuwa ƙasa, daga ƙarshen 2025. A taron Janeba na 2023 aka sa wa sauran, har da dogaye, wa'adin da bai wuce 2027 ba. Wato kayan ƙarewa suke. Amma ragowar da ke cikin sito ba za ta ɓace ba, za ta gangaro da araha inda ake neman araha, ta mutu a hannunmu. Shekara biyu ko uku masu zuwa su ne za mu fi ganin gawarsu. A takarda kuma, dokar kayan lantarki ta ƙasa ta 2011 ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin karɓar matattunsu.

Daga kasuwa na je wani ofishi da aka kwatanta mini. Jami'in ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya duba hotunan duro a wayata ya ce, "Malam, kun yi ƙoƙari." Na ce, "Yallaɓai, ƙoƙarin ya cika duro, wurin kaiwa muke nema." Ya ce masu injin da ke murƙushe irin waɗannan a rufe su tace zaibar, waɗanda ya sani a Legas suke, kuma ba za su turo mota don duro biyu ba. Ya ce mu rubuto takarda ta hannun ƙaramar hukuma, mu faɗi adadi. Na fito da azahar, rana kamar ta fasa kai, na tuna murmushin Dagaci.

Asabar, 26 ga Afrilu

An fara kai taki. Wannan ita ce ranar da muka yi wa shiri tun Janairu. Mu tara muka fita da manjagara da safar hannu da takunkumi, muka bi juji goma sha ɗaya kafin a loda. Ba tonawa muke ba, mai juji yana sara da fartanya muna tsince abin da ya fito. Gindin ƙwai, guntun gilashi, da batura masu yawan gaske, waɗanda ba su cikin lissafinmu amma ba a ganinsu a bari. Bokiti biyu da rabi.

Kawu ya tsaya riƙe da igiyar jakinsa yana kallonmu. Ya ce, "Kai, yanzu wannan ɗan gilashin ne zai hana ni kai taki?" Na ce, "A'a Kawu, kai abinka, mu dai mu rage abin da ya samu." Ban ɓoye masa ba, wanda ya fashe bara yawancin zaibarsa ta riga ta bi iska ko ta shige ƙasa, ba mai dawo da ita. Abin da muka tsince yau ya fi amfanar ƙafar mai noma da ba ya sa takalmi. Ya ce to wannan ya ji, don bara gilashi ya hana shi huɗa kwana shida.

A jujin unguwar gabas, wanda muka fi samun fasassu a Janairu, duk wanda muka tsinta tsoho ne, robarsa ta yi ja. Sabo ko ɗaya babu.

Asabar, 17 ga Mayu

Zaman ƙungiya ya yi zafi kamar garin. Enaji 236, dogaye 28, kwalabe 11. Duro na biyu ya kusa cika. Ma'ajin ƙungiya ya kawo shawarar a haƙa rami mai zurfi a kan tudu, a zuba kankare, a binne duka a huta. Mutum biyar suka goyi bayansa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: ɗakin kwano ne, da rana kamar tanda, zafi kuwa yana ƙara wa zaiba tashi in akwai fasasshe, ga yaran makaranta a kusa.

Na yi musu lissafi a allo. 236 sau miligiram 4 bai kai giram ɗaya ba, kuma kusan duka a rufe yake cikin gilashin da bai fashe ba. Ajiye su bai matsa mana ba. In mun binne kuwa, mun yanke wa jikokinmu hukunci, don nan da shekara talatin wani zai zo haƙa tushen gini ko rijiya bai san da zancen ba. Ma'aji ya ce, "To sai yaushe, Malam? Sai mun mutu a raba gado da duro?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tambayar tana nan.

Abin da aka tsayar: ba za a binne ba har ƙarshen shekara. Za a fasa bulo biyu a saman bango ta gabas da yamma a sa raga, iska ta riƙa ratsawa. Kwalaben fasassu za su koma cikin bokitin fenti mai murfi, a liƙe bakinsa. Duk mai shiga ɗakin ya buɗe ƙofa ya jira minti goma a waje. Makulli a hannun mutum biyu kawai. Za kuma mu tuntuɓi ƙauyuka uku na kusa da mu, ko in adadin ya kai dubu a samu mai kallonmu.

Talata, 3 ga Yuni

An yi ruwan shuka daren jiya. Da asuba na je duba ɗakin, kwano yana yoyo ta kusurwar kudu, katan ɗin dogaye ya jiƙe ta ƙasa. Babu wanda ya fashe. Mun ɗora shi a kan benci biyu da shugaban makaranta ya ara mana, mai gyaran kwano zai zo bayan Babbar Salla.

Takarda ta tafi ƙaramar hukuma tun 20 ga Mayu da sa hannun Dagaci. Cikin ƙauyuka ukun, ɗaya ya aiko mutum ya ga yadda muke jera ɓuntu, ya tafi da hoto, sauran biyun sun ce sai an gama shuka. Mai shagon bakin tasha ya ce katan ɗin enaji da ke hannunsa shi ne na ƙarshe, ba don maganarmu ba, don LED ya fi tafiya.

Da hantsi 'yar yayana ta zo ofishin makaranta riƙe da ƙwai a cikin safar ƙafar babanta, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwan kaza. Ta miƙa mini ta ce, "Baba, an ce kar ya fashe." Na 249 ke nan. Ana buƙatar duro na uku, da ƙarin ɓuntu buhu biyu, busasshe.